Shattata tana kumfa bayan kwana uku, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto miki. Ina haɗa shatta, wato miyar yaji, a gida, ta ɗanyen barkono da dakwa (niƙaƙƙiyar gyaɗa) da lemun tsami da tafarnuwa, irin wadda ake ci da nama kamar agashe da shayya. Maƙwabta suka yi ta yabawa, har wasu suka ce in riƙa ɗurawa a kwalba ina sayar musu. Na cika kwalba shida, na tsiyaya man riɗi a sama don na ji an ce mai yana tsare ta. Kwana uku ba su cika ba ta fara kumfa, ɗaya ma da na buɗe sai da ta fantsamo mini a fuska. Wuta ba ta zama a unguwarmu, firjin ya koma kabad. Ni na ɗauka zafin barkono kaɗai ya isa ya kashe kowace cuta. Sannan uwar mijina tana kukan yaji ya yi yawa, na cire 'ya'yan barkonon kaf amma ba ta sauya zani ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin komai, kwalaben nan shida ki zubar da abin da ke cikinsu, kada ki ɗanɗana, kada kuma ki zuba wa kaji ko awaki. Asarar barkono da gyaɗa ta fi sauƙi a kan abin da zan faɗa miki a ƙasa.

Zaton da kika yi shi ne zaton yawancin mata, kuma a nan kuskuren yake. Abin da ke sa barkono yaji wani sinadari ne da ake kira kafsaisin. Harshenmu yake ƙonawa, ƙwayoyin da ke lalata abinci kuwa bai isa ya tsayar da su ba. Ki tuna ɗanyen attaruhu da aka manta a leda: kwana biyu ya narke ya yi wari, duk zafinsa. Ko barkonon Gabanit da ake kuranta zafinsa a Sudan, idan ya jiƙe ruɓewa yake. Abubuwan da ke tsare shatta su ne tsami, gishiri, sanyi, ko kuma a raba ta da ruwa gaba ɗaya. Ke sanyi ya kuɓuce miki, gishirin, in ma kin sa, na ɗanɗano ne kawai, tsamin lemun kuma dakwa ta shanye shi, don gyaɗa tana rage kaifin tsami. Ga zafin Gadarif da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Kumfar da kika gani iskar da ƙwayoyin suka fitar ce suna cin abincinsu a cikin kwalba rufaffiya.

Kumfar ma ba ita ta fi tayar mini da hankali ba, man da kika rufe saman da shi ne. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, tana manne wa tafarnuwa da barkono, sunanta Kulostiridiyam botulinam. Muddin akwai iska ba ta motsi. Da zarar ta sami wuri mai danshi, mai ɗumi, marar iska, marar tsami sosai, sai ta farka ta fitar da guba mai shanye jijiyoyi. Mai a saman ɗanyar tafarnuwa ɗakin da take so ke nan, kin share mata kin yi mata shimfiɗa. Mugun abin shi ne gubar ba lallai ta sauya wari ko launi ba. A 1977, a garin Fontiyak na jihar Mishigan a Amurka, mutum 59 suka kamu daga miyar yaji ta wani gidan abinci, wadda aka yi da barkonon da aka ɗura a kwalba a gida ba bisa ƙa'ida ba. Alamun sukan bayyana awa 12 zuwa 36 bayan ci: gani bibbiyu, fatar ido ta saki, haɗiya ta gagara, magana ta karye. Idan akwai wanda ya riga ya ci daga kwalaben nan ya ga haka, asibiti za a nufa nan take, ba jiƙe-jiƙe ba.

Masana sun auna iyakar wannan ƙwaya. A ma'aunin tsami da ake kira pH, ba ta iya tsiro ƙasa da 4.6, kuma ƙaramar lamba ita ce tsami mai yawa. Don haka masu sana'ar ke saukar da shattarsu zuwa 4 ko ƙasa. Lemun tsami yana da tsami ƙwarai, amma ba a dogara da shi wajen ajiya, don wani ya fi wani ruwa, wani ya fi wani kaifi. Ruwan khal (wato vinegar) na kwalba wanda aka rubuta tsaminsa kashi 5 cikin ɗari a jikinsa shi ne abin dogaro, kullum ƙarfinsa ɗaya.

Shawarata ita ce ki raba aikin gida biyu. Ki yi uwar shatta wadda za ta zauna, dakwa kuma ta jira ranar ci.

Ga yadda nake yin uwar. Barkono rabin kilo, a tsince duk mai tabo ko laushi, a cire hanci, a wanke a bar shi ya tsane. A zuba a tukunyar silba mai kauri wadda ba ta tsatsa, ba ta dalma ba, don tsami yana cin dalma ya ɓata ɗanɗano. A zuba ruwan khal rabin lita, gishiri babban cokali ɗaya a shafe, tafarnuwa ƙwara huɗu ko biyar idan ana so. Kada ki ƙara ruwa ko kaɗan, ko da kin ga kamar ya yi tsami da yawa. A bar shi yana ɓararraka a hankali minti 15, kuma a tsakar gida, don tururin nan yana sa tari har maƙwabta su leƙo. A markaɗa, a mayar kan wuta ya sake tafasa, sai a ɗura da zafinsa a kwalaben gilas da aka dafa tare da murafensu minti 10. Ba mai, ba gyaɗa, ba tumatir. Wannan, idan ba a buɗe ba kuma tana inuwa, za ta kai wata biyu zuwa uku lafiya. Idan an buɗe a cinye cikin mako biyu, da busasshen cokali, ba wanda aka lasa ba. Ƙananan kwalabe sun fi babba ɗaya saboda haka.

Ranar da za a ci, sai ki ɗebi cokali biyu na uwar, ki dama da dakwa, ki matse lemun tsami sabo, ɗan gishiri da man riɗi. Minti biyu an gama, kuma ƙamshin lemun yana nan da ransa, abin da ba ya samuwa a wadda ta kwana. Abin da ya ragu bayan cin dare a zubar. Masu saye kuwa ki sayar musu da uwar, ki gaya musu yadda za su haɗa. Ni kam duk lokacin da na ji Basudane ya ce dakwa sai daƙuwar gida ta faɗo mini a rai, kamar yadda agashe yake tsirenmu ne da ya sauya suna a hanyar Makka.

Akwai kuma hanyar tsimawa, wadda ta fi daɗi a bakina amma ta fi son kulawa. A yanka barkono kilo ɗaya, a cuɗa da gishiri giram 50, wajen babban cokali uku a shafe, a danna a kwalba har ruwansa ya taso ya rufe shi, a ɗora wani abu mai nauyi mai tsabta don kada ya leƙo sama. Murfin a sassauta, iska ta riƙa fita. A nan kumfa alheri ce, irin tsamin da ke tashi a ƙullun kisra, burodin dawar nan na Sudan, gishirin ya kori miyagun ƙwayoyi ya bar wa masu tsami fili. Da tsimawa ake yin Tabasco, miyar yajin kwalba ta Amurka, wanda barkononsa ke zama a ganga har shekara uku. A zafinku kwana biyar zuwa bakwai sun isa, sai a markaɗa da kofi ɗaya na khal a tafasa a ɗura. Tsimawa ta fi kyau tsakanin digiri 18 da 24, don haka ki bari sai sanyin Disamba ko Janairu, ko ki ajiye kwalbar a gindin randa. Farar yana a sama ba komai, a kwashe. Funfuna mai gashi, kore ko baƙa, a zubar duka.

Randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ta iso Darfur, tana ƙara wa ɗanyen barkono kwanaki. Amma ba ta kai sanyin firji ba, kada ki ce za ta riƙe miki shattar dakwa.

Idan man yaji kike sha'awa, da busasshen barkono ake yi da garin tafarnuwa busasshe. A ɗumama man riɗi har idan an jefa ɗan barbashi ya yi ƙara a hankali, ba hayaƙi ba, a juye a kan garin. Inda babu ruwa babu mai tsiro. Sai dai ki duba busasshen barkonon da gyaɗar da kike saya, duk mai warin rima ko ƙura-ƙura a ciki ki bar shi, don funfunarsu tana haifar da guba mai cutar hanta wadda dahuwa ba ta kashewa.

Sai maganar Hajiya, uwar mijinki. 'Ya'yan barkono an ɗora musu laifin da ba nasu ba. Ki tsaga barkono a tsaye, za ki ga wata farar tsoka da jijiyoyi da 'ya'yan ke manne a jiki, to a nan yajin yake taruwa. Ki kankare ta da bakin ƙaramin cokali, ita ce za ta rage zafin sosai. Idan bai isa ba, ki maye rabin barkonon da jan tattasai marar yaji, amma nauyin duka ya tsaya a rabin kilo don kada tsamin ya gaza. Ki yi mata kwalbarta daban ki ɗaura zare a wuya. Idan kuma ta riga ta ci ya kama ta, nono ko madara za a ba ta, don kafsaisin a mai yake narkewa, ruwa sai dai ya yaɗa shi a baki. Haka ma hannunki bayan kankarar: ki murza mai tukuna, sannan sabulu, kuma kada ki taɓa ido ko ki ɗauki jariri sai kin wanke sau biyu.