Yaya, ga dalilin da ya sa mazan nan suke ɗaura kilt

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ji saƙonka a kan hoton bikin da aka yi nan Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, inda ka ga samarinmu sun ɗaura kilt, wato zanen ulun nan mai kama da siket, kana tambaya ko mun bar yara sun koma shigar mata. A Sikotlan kilt tufar maza ce, kuma an fi saninta da sojoji da sarakuna da angwaye. Sarki Charles da kansa yakan ɗaura ta idan ya je hutu gidansa na Balmoral a Sikotlan. Mutumin ƙasar nan idan ya ga namiji da ita, abin da yake zuwa masa a rai shi ne kakansa, ba uwarsa ba.

Asalinta daga mutanen tsaunukan arewa ne. Da can wani dogon mayafin ulu ne, mutum ya naɗe shi a ƙugu, ya yafa ragowar a kafaɗa, da dare kuma ya zama bargonsa. Daga baya aka yanke na saman aka bar na ƙasan. Abin da ya ɗaga darajarta kuwa hani ne. Bayan an ci mutanen tsauni da yaƙi a Culloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta kafa dokar hana sa ta. Wanda aka kama karon farko ɗaurin wata shida, karo na biyu a kore shi ƙetare shekara bakwai. Sojojin sarki kaɗai aka ƙyale. Sai a 1782 aka soke dokar, kuma da Sarki George na Huɗu ya zo Edinbara a 1822 ya fito da kilt, manyan gari da iyayensu suke raina ta suka shiga rububinta. Mutanen nan ba su manta an taɓa hana su ba.

Amma kada ka zaci duk wanda ka haɗu da shi a titi da ita yake yawo. Yawancinsu wando suke sawa kamar kowa. Matsayinta kamar na babbar riga ne a gida: ta biki ce da taron girma, sai kuma ɗaiɗaikun mutane da suka mayar da ita tufar kullum. Kilt mai kyau tana cin yadi takwas na ulu, duk a tattare ta baya, kuma kuɗinta ya kai ɗaruruwan fam, shi ya sa da yawa haya suke ɗaukowa idan biki ya taso. Ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙasar take wasa kuwa, magoya baya sukan cika gari da ita, a haɗa da rigar ƙwallo da takalmin aiki.

Masu sa ta kullum, wasu sana'a ce ta kawo: masu busa algaitarsu mai jaka a titin Royal Mile na Edinbara, masu zagayawa da baƙi, masu shagon ɗinki. Wasu kuma daɗin jiki ne kawai. Za su ce maka wando yana matse mutum, ita kuwa ka zauna yadda kake so, ka hau dutse ba abin da zai riƙe maka cinya, ulun kuma yana ɗumama ciki da baya. Tun da wani kamfani a Seattle ta Amurka ya fara ɗinka ta da yadin auduga mai kauri da aljihuna a 2000, masu aikin hannu ma sun samu tasu, don ta gargajiyar ba ta da aljihu ko ɗaya, sai 'yar jakar fata da ake ratayawa a gaba. Akwai kuma waɗanda alfahari da ƙasarsu ne ya sa: suna so duk wanda ya gan su ya san daga inda suka fito. Ni dai iskar watan Janairu ta ishe ni hujjar zama cikin wandona.

Su yaranmu nan aka haife su, nan suka yi makaranta, harshen Gilasgo ne a bakinsu. Idan abokinsa zai yi aure ya ce duk abokan ango kilt za su ɗaura, ƙin sawa zai zama kamar ya ce shi baƙo ne. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A 2012 aka fitar da zanen kilt na Musulmi: shuɗi don tutar ƙasar, kore don Musulunci, fararen layuka biyar don shikashikan addini, masu ruwan zinare shida don rukunan imani, da baƙin murabba'i don Ka'aba. Humza Yousaf, wanda ya shugabanci gwamnatin Sikotlan daga 2023 zuwa 2024, da kilt ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016, da Turanci da Urdu.

Inda muke tsayawa da su shi ne al'aura, kuma a nan damuwarka tana da tushe. Kilt a tsakiyar gwiwa take tsayawa, safa kuma a ƙasan gwiwa, idan mutum ya zauna ko ya yi sujada cinya tana iya bayyana. Akwai ma masu alfaharin ba sa sa komai a ciki, wannan kam ba mu yarda da shi ba ko kusa. Namu suna sa gajeren wando da ya rufe gwiwa a ciki, wasu su sa tela ya ƙara tsawo, idan lokacin salla ya yi kuma da yawa sukan zura jallabiya a kai. 'Yar wuƙar da ka gani a cikin safa ma doka ta yarda da ita a matsayin kayan gargajiya, amma ta yawancin yaran roba ce, don masu tsaron ƙofar ɗakin biki ba sa son ganin ta ƙarfe. A gaida Hajiya da yara.