Jinin babansa ne ya fi ga yaro mai sikila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min. Yarona shekararsa 7, sikila ne SS, kuma duk sanda za a ƙara masa jini babansa ne ko baffansa ke bayarwa, saboda surukata ta ce sam ba za a saka wa jikanta jinin wanda ba a sani ba, wai kar a kwaso masa cuta ko mugun hali. To kwanan nan wata nas ta ce mu daina, wai jinin dangi ba shi ne mafi kyau ba balle in muna da niyyar dashen ɓargo nan gaba. Wallahi kaina ya ɗaure. Kuma shi dashen ɓargon da gaske yana raba mutum da sikila?
Wata uwa daga Jahun, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Nas ɗin nan gaskiya ta faɗa miki. Batun hali kam a gaya wa Hajiya babba ta kwantar da hankalinta, jini ba ya ɗauko halin kowa, ƙwayoyin jinin da aka ƙara ma cikin 'yan watanni sun ƙare jiki ya sake nasa.

Ki fara duba wannan, tunda yaro ya fito SS to dole ke da maigida kowa na ɗauke da S, ko dai AS ko fiye. Jinin AS ba laifi a ba wa sauran mutane, amma mai sikila an fi so a ba shi jinin da babu S ko kaɗan wato na mai AA, don abin da ake nema shi ne a rage S ɗin a jikinsa. Kinga kenan babansa tun daga nan ba shi ne zaɓin farko ba.

Sai babbar maganar. Duk jinin da ya shiga jikin mutum, garkuwar jikinsa tana haddace shi, wani lokaci ta haɗa makaman yaƙarsa. In yaro ya saba karɓar jinin 'yan gida, ranar da za a ɗauki ɓargon yayarsa ko ƙaninsa a dasa masa jiki na iya ƙin karɓa, saboda ya riga ya gamu da irin alamomin da ke jinin gidan ya ɗauke su abokan gaba. Shi ya sa likitocin jini ke hana ƙarin jinin dangi ga duk wanda ake sa ran yi wa dashe. Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba amma in ta faru kusan kullum kisa take, fararen ƙwayoyin jinin ɗan'uwa su shiga jikin marar lafiya, jiki bai kore su ba saboda kama da suka yi, su kuma su juyo su far masa. A manyan asibitoci sai an haska irin wannan jinin da wata na'ura kafin a saka, mu kuwa a nan ba ko'ina ake da ita ba. Af, har mata ma ba a so a ƙara mata jinin mijinta in tana cikin shekarun haihuwa, yana iya jawo wa jaririn gaba shawara mai tsanani.

Tsoron cuta da surukarki ke yi ba shirme ba ne fa, sai dai abin da ke kare yaro gwaji ne ba sanin mai jinin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ledar jini sai an gwada ta kan ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Kuma ciwon hanta B yana nan da yawa a arewa, mutum na yawo da shi lafiyarsa lau bai sani ba. Ɗan'uwa da aka taso cikin dare kowa ya zuba masa ido, in yana da abin ɓoyewa kina ganin zai faɗa a gaban dangi? Wanda ya kawo kansa kyauta ba wanda ya matsa masa shi ya fi faɗin gaskiya. Masu tsayawa bakin asibiti suna sayar da jininsu a shigar da su a ce ƙanin baba ne kuwa, waɗannan ki guje su.

Rukunin A, B da O tun 1901 Karl Landsteiner ya gano su a Ostiriya, amma mai sikila da ake yawan ƙara wa jini rukuni kaɗai bai isa ba, akwai wasu ƙananan alamomi irin su C da E da Kell da ya kamata a daidaita in da hali. Ki ajiye littafi guda, ranar da aka ƙara, leda nawa, ko ya yi zazzaɓi ko fitsarinsa ya koma baƙi bayan nan. Kowace leda kuma tana barin sinadarin ƙarfe kusan miligiram 200 a jiki wanda ba ya fita da kansa, don haka dan Allah kar a riƙa ɗura masa maganin ƙarin jini na kemis ba da izinin likita ba.

Dashen ɓargo da gaske yana warkar da sikila, musamman a yara kuma in ɓargon na wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya ne da suka dace, damar dacewar kowane ɗan'uwa ɗaya ce cikin 4. A Najeriya an fara yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, na Legas ma ya fara a 2024. Amma ba ƙaramin aiki ba ne, sai an kashe ɓargon yaron da magunguna masu ƙarfi, ya yi makonni a killace, akwai haɗarin rasa haihuwa har ma da rai, kuɗin kuma miliyoyi ne masu yawa. Akwai sabon salo ma da Ingila da Amurka suka amince da shi ƙarshen 2023 mai suna Casgevy, a ciro ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara a mayar masa, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, wannan kam sai dai mu ji labari tukuna.

Abin da ya fi kusa da hannunki shi ne maganin da ake kira hydroxyurea. Binciken da aka yi a Kano kan yara masu sikila ya nuna yana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ga shi yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Ki kai shi sashen masu sikila a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ki yi musu maganar wannan magani da hoton jijiyoyin kai da ake ce wa TCD. Shi kuma maigida ya ci gaba da bayarwa, namiji lafiyayye zai iya duk bayan wata 3, sai dai a saka nasa a ma'ajiyar jini a ba wani, a ɗauko wa yaro na AA da aka gwada.