Maganin Gargajiyar Sin: Gaskiya Yana Aiki?

Tambaya: Malam, maƙwabcina ya kawo mini haɗin ganyen ƙasar Sin, wai yana daidaita "chi", ƙarfin rai da ke zagaya jiki. In sha?
Daga wata mai karatu, Zariya.

Amsa: Hajiya, dakata tukuna. Batun "chi" fahimtar mutanen Sin ce ta da can, kuma babu na'urar da ta taɓa auna shi. Amma wasu ganyayensu suna aiki. Tu Youyou, wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, ta samo sinadarin artemisinin daga ganyen qinghao a 1972, bayan ta ga tsohon rubutun Ge Hong, wani mai maganin Sin na da can, ya ce a jiƙa shi a ruwa a matse, sai ta gane zafi na lalata shi. Ta sami kyautar Nobel a 2015. Daga sinadarin aka sarrafa artemether da ke cikin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro.

Sai dai a Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata da dama sun rasa ƙodarsu saboda maganin rage ƙiba mai ɗauke da Aristolochia, wani tsiro na maganin gargajiyar Sin. Haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ni dai ba na sha. Ki kai wa likita ya duba, musamman in kina shan maganin hawan jini.