Goron gidan Alhaji

Ɗana, na karanta saƙonka har sai da dariya ta sa ni tari. Wato ka ci jarrabawar shiga IUT, cibiyar koyon fasaha ta jami'ar Ngaundare, ka biya kuɗin ɗaki a Dang, inda jami'ar take, ta waya, ita kuma mahaifiyarka ta kafe sai ka wuce cikin gari da ƙwaryar goro ka gaida gidan Alhaji tukuna. Kana tambaya wai addini ne ya ce haka ko al'ada ce kawai, tunda motar Garwa ta gaban jami'ar take bi, me zai sa ka ƙara kilomita 15 sannan ka dawo. Lissafinka ya fita, ai shi ya sa suka ɗauke ka. Ni abin da ya tsaya mini a rai, ka biya ɗakin da ba ka taɓa gani ba, a hannun mutumin da ba ka san ubansa ba.

Kai ka buɗe ido ka ga jami'a a Marwa tun 2008, ga ta Garwa a 2022, sai ka ɗauka haka aka saba. Muna samari jami'a ɗaya ce tak a Kamaru, ta Yawunde, wadda aka kafa a 1962. Ɗan arewa in ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, sai ya ɗaure kaya ya gangara kudu a jirgin ƙasa, jirgin ma sai 1974 ya iso Ngaundare. Wasu su tsallaka Zariya ko Maiduguri. A 1977, zamanin Ahidjo, aka yi dokar buɗe cibiyoyin jami'a huɗu, Ngaundare na ciki, amma tamu sai 1982 ta fara aiki, da makarantar koyon sarrafa abinci, abin da ya dace da ƙasar shanu da nono da masara. Lokacin ina yaron mota, muna dakon albasa. In mun gama hawan dutsen nan na bayan Mbe, injin ya huce, sai mu hango gine-gine a tsakiyar ciyawa, shanu na kiwo har gindinsu, ga tafki can gefe. Ubangidana yakan ce gwamnati ta gina wa balbelu makaranta.

Ranar 19 ga Janairun 1993 aka yi dokar da ta mai da jami'o'in gwamnati shida, cibiyar Dang ta zama cikakkiyar jami'a. A gyaran nan aka soke kuɗin da ake ba ɗalibai duk wata, aka ce kowa ya kawo sefa 50,000 na rajista. Shekarar kuma aka zabge albashin ma'aikata. A cikin wannan hali na raka mahaifinka zai shiga jami'ar.

Kakanka ya naɗe mana goro a ganye, ya haɗa da wasiƙa da ajami, ya ce kada mu kuskura mu sauka a Dang. Da na yi irin lissafinka, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu." Muka iso bayan isha'i, ruwan ƙarshen damina na zuba, mu 'yan Garwa da ba mu san sanyi ba haƙora na kaɗawa. Alhaji dillalin shanu ne, bai taɓa ganinmu ba, kakanka kawai ya sani tun suna fatauci. Ya karɓi wasiƙar ya tura ƙarƙashin buzu, ya sa aka kawo tuwon masara da garwashi a kasko. Sai da muka wanke hannu ya warware ta.

Da safe ya ɗebe mu a tsohuwar akori-kurarsa. Dang ɗin ranar ba zan manta ba. Samari da akwatuna a gindin mangwaro, wasu daga kudu, wasu daga Cadi, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa, ɗakunan ƙauyen kuwa ba su taka kara sun karya ba. Alhaji bai tambayi kowa ɗaki ba. Ya ratsa ta bayan wani shinge ya yi sallama gidan wata tsohuwa mai sai da kindirmo, wadda shi ya riƙa sayar wa marigayi mijinta shanu. Suka yi ta gaisuwa da Fulatanci, shanu, jikoki, ciwon gwiwa, har na fara ƙosawa. Can ya kamo wuyan hannun mahaifinka ya ɗora a tafinta, ya ce amana. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce yaron nan ba ya cin abinci ne? Nan take ta sa muka kwashe masarar da ke ɗakin ƙofar gida. Da aka zo maganar haya ta ɓata rai, da ƙyar aka shirya a kan zai riƙa ɗebo mata ruwa yana karanta mata takardun asibiti. A wurin biyan rajista kuɗinmu bai cika ba. Alhaji ya sa hannu a aljihun 'yar ciki ya ƙirgo ragowar, bai rubuta a ko'ina ba.

Watanni kaɗan, Janairun 1994, aka karya darajar sefa, komai ya yi tsada, yara da yawa suka tattara suka koma gida. Mahaifinka da kindirmon tsohuwar nan ya kai ƙarshen shekara. Da zazzaɓi ya kayar da shi, ita ta aika cikin gari, Alhaji ya zo da dare ya kai shi asibiti. Mu a Garwa sai da ya miƙe muka ji labari. Kakarka tana hawaye tana cewa zumunci a ƙafa yake. Tambayi mahaifinka, ban san me ya hana shi ba ku wannan labarin ba.

Yau Dang gari ne. Gidajen haya na ɗalibai jere, kowane da sunansa a jikin bango, masu babur, masu buga takardu, masu shayi, 'yan Cadi kuwa har ba a ƙirga su cikin baƙi. Arziki ya shigo, ban ƙi ba. Amma mai gidan yana can wani gari, yaronsa ke karɓar kuɗi, ɗalibi ya kwana uku a kwance na ɗakin kusa bai leƙo ba. Kuma mutanenmu ne suka gina yawancin wanda na sani, jikokin masu ba da ɗaki kyauta.

Batun addini ko al'ada, ka kai wa limamin unguwarku, ni direba ne. Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, babban ɗansa ke zaune a zauren. Ka cire abin kunnen nan kafin ka yi sallama, ka durƙusa, in an kawo abinci ka ci. Goron fari za a saya, manya, kada mahaifiyarka ta bari a cusa mata ƙanana a ƙasan ƙwarya. Rigar sanyina mai kauri tana nan, ka biyo ka karɓa kafin ranar tafiya.