Hukuncin miƙa bayanan masu amfani da manhaja ga wasu kamfanoni a ɓoye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa manhajojin waya. An umarce ni in saka wa manhajarmu wani abu da zai riƙa tura wa kamfanonin talla inda mutum yake, da kuma lambar shaidar wayarsa, alhali a sharuɗɗanmu an rubuta "ba ma sayar da bayananku". Shugabana ya ce musaya ce ba ciniki ba, kuma ai kowa ya danna "Na amince". Ya halatta in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan aiki bai halatta ba, domin algus ne da cin amana.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka taɓa danshi. Ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Takardar sharuɗɗan da aka tsawaita ta da gangan, aka sa magana mai daɗi a sama, aka cusa ta gaskiyar a can ƙasa cikin ƙananan haruffa, tsibin nan ne sak.

Batun danna "Na amince" kuwa, Allah ya shardanta yardar juna a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kuma mutum ba ya yarda da abin da aka ɓoye masa. Wanda ya danna, ya amince ne da abin da kuka fahimtar da shi. Haka ma rarrabe "musaya" da "sayarwa" dabara ce kawai. A hadisin Muslim, rantsuwarka tana kan abin da abokinka ya gaskata ka a kansa. Duk wanda ya karanta jimlarku, abin da zai fahimta shi ne sirrinsa ba zai fita ba.

Kada ka raina abin da ake turawa. Inda waya take kwana, nan ne gidan mutum. Inda take zuwa, shi ke nuna masallacinsa da asibitin da yake ganin likita. Wannan yana taɓa haramcin bincikar sirrin mutane da ke Suratul Hujurat, aya ta 12. A 2020 an fallasa cewa manhajar Muslim Pro, mai nuna lokutan salla, tana ba dillalin bayanai X-Mode bayanan inda mutane suke, cikin masu saye a wurinsa kuma har da 'yan kwangilar sojan Amurka. Daga baya masu manhajar suka sanar da yanke hulɗa da shi. Masu amfani da manhajar nan lokacin salla da alƙibla da makamantansu kaɗai suka je nema. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Asalin raba bayani da wani kamfani ba haram ba ne idan an faɗa wa mutum ƙarara me za a ɗauka da wanda za a ba, aka bar masa damar ƙi, kuma babu cutarwa. Ka kai wa shugabanka wannan gyara a rubuce. In ya ƙi, ka janye hannunka daga wannan ɓangaren, don umarninsa ba zai ɗauke maka zunubi ba. Albashinka na sauran ayyukan halal yana nan halal.

Wallahu a'alam.