Kafinta zai yanke katakan da ke ɗauke da benena, akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Shagona yana da tsayi, sai na sa kafinta ya yi mini bene na katako a ciki don ajiyar kaya. Yanzu ina so a buɗe ƙofa a daɓen benen inda za a jingina tsani. Kafintan ya ce zai yanke katako biyu cikin waɗanda ke ɗauke da benen, wai babu komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Yankewa ba laifi ba ne, ana yi kullum. Abin tambaya shi ne: nauyin da katakan nan biyu suke ɗauke da shi, wa zai karɓa bayan zarto ya wuce?

Kowane katakon kwance bango biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya a kowane kai. Da zarar an yanke shi a tsakiya, guntayen biyu sun zama masu kai ɗaya a iska. Don haka ake gicciya wani katako a bakin ramin, gaba da baya, ya tallafe kawunan da aka yanke, shi kuma ya miƙa nauyin ga katakan gefe biyu da ba a taɓa ba. To, nan ne kafintoci da yawa suke tuntuɓe. Su sa na gicciyen, su manta cewa na gefen nan yanzu suna ɗauke da kayansu da na maƙwabtansu. Dole a ninka su, a haɗa biyu-biyu daga bango zuwa bango, ba guntu a bakin rami kawai ba.

A Amurka, inda yawancin gidaje da katako ake gina su, ƙa'idar gini ta ce idan katakon gicciye bai wuce ƙafa 4 ba, guda ɗaya mai girman sauran ya isa. In ya wuce, a ninka shi da na gefen duka. Amma wannan lissafin gidan zama ne, inda gado da kujera suke. Kai diloli da katan-katan za ka jibga. Ni da shagona ne, ninkawa zan yi ko ramin bai kai haka ba.

Ka ɗauki awo ma tukuna. Idan tazarar katakan inci 16 ce, yanke guda ɗaya tak zai ba ka faɗin kusan inci 30, wanda ya ishi mutum da tsani. Tsawon ramin kuma ya bi tsawon katakan, kada ya gitta su.

Ranar aiki a sauke kayan benen gaba ɗaya, a tokare katakan daga ƙasa ta ɓangarorin biyu, sannan a kawo zarto. Kada kuma a dogara da ƙusar da aka buga ta shige cikin kan katakon da aka yanke, don tana zarewa a hankali, sai wata rana ka ga daɓen ya lotsa. A sa ƙarfen rataya mai kama da sirdi da kan katakon zai zauna a ciki. In babu a kasuwa, mai walda zai lanƙwasa maka. Sabon yankan kuma a shafe shi da maganin gara kafin a rufe.