Tambaya da Amsa: Na ƙara wa saba (server) diski, yanzu ta ƙi tashi tana tsayawa a initramfs

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Dan Allah ina cikin matsala. Ni ke kula da kwamfutar da muke ajiye sakamakon ɗalibai a makarantar da nake aiki, Ubuntu Server 22.04 ce a kanta, diskin 500GB. Sati uku da suka wuce ta fara cewa wuri ya cika, sai na ciro diski 1TB daga wata tsohuwar kwamfuta na jona mata, na bi wani bidiyo na yi pvcreate da vgextend da lvextend -l +100%FREE da resize2fs, komai ya tafi lafiya lau. Shekaranjiya aka ɗauke wuta tana kunne, da wutar ta dawo na kunna sai ta daɗe tana jira sannan ta rubuto:

ALERT! /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv does not exist. Dropping to a shell!

Daga nan sai baƙin allo da kalmar initramfs. Abokina ya ce fomatin kawai za a yi. Sakamakon zango biyu na ciki kuma ban da kwafi a ko'ina. Ya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai dan Allah ka cire hannunka daga maganar fomatin ɗin nan, kuma kar ka sake buga pvcreate a kan kowane diski, kar ka yi fsck (umarnin duba da gyaran tsarin fayiloli) tukuna, kar ka bar kowa ya sa filashi ya danna install "don a gwada". Saƙon da ka turo bai ce fayilolinka sun ɓata ba, cewa ya yi bai ga ƙofar da zai bi ya kai gare su ba, kuma tsakanin biyun akwai nisa sosai. Mafi yawan waɗanda na ga sun yi asara a irin wannan halin ba ɗauke wutar ce ta cinye musu data ba, gyaran gaggawar da aka yi bayanta ne.

Bari in fara nuna maka abin da ka yi sati uku da suka wuce, don in ka gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Ka ɗauka kana da fili, sai ka sayi na maƙwabcinka ka rushe katangar da ke tsakani suka zama fili ɗaya, sannan ka yanka fuloti ka yi gini wanda rabinsa yana kan tsohon filin rabi kan sabon. To filayen nan su ne diskokinka, LVM, wato tsarin Linux mai haɗa diskoki su zama wuri ɗaya, na kiransu PV, haɗaɗɗen filin shi ne VG wato ubuntu-vg, fulotin kuma shi ne LV wato ubuntu-lv, kuma a kansa tushen Ubuntu ɗinka gaba ɗaya yake zaune. Da ka buga +100%FREE ɗin nan ka miƙa fulotin ya cinye diskokin biyu kaf. Daga ranar kwamfutarka ba za ta ƙara tashi da diski ɗaya ba, dole sai su biyun sun hallara, in ɗaya bai amsa ba LVM da gangan yake ƙin buɗe LV ɗin don kar a yi rubutu a kan rabin abu a lalata shi.

Wani abu da ya ɗan ba ni takaici, mai yiwuwa ma ba ka buƙaci diski na biyun ba tun farko. Ubuntu Server in aka bar shi a yadda yake zuwa, kuma diskin ya haura 200GB, 100GB kawai yake bai wa ubuntu-lv ya bar sauran a zube cikin VG ba a taɓa ba. Kaga da ta ce maka ta cika, wajen 360GB na nan zaune a diskin farko, umarnin vgs da ya nuna maka shi a ƙarƙashin VFree. Amma aikin gama ya gama, mu je ga gyara.

Labari mai daɗi shi ne inda ta tsaya. Tashin Linux hawa hawa ne, BIOS ya miƙa wa GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, GRUB ya ɗauko kanel, wato zuciyar Linux, da wani ɗan ƙaramin tsari na wucin gadi da ake ce wa initramfs daga /boot, shi kuma aikinsa kenan ya nemo diskoki, ya kunna LVM, ya hau tushen sannan ya miƙa wa systemd, mai kunna sauran manhajoji, ragama. Tunda har ka ga kalmar initramfs, GRUB lafiya, kanel lafiya, diskin farko ma aƙalla yana karantuwa. A matakin kunna LVM abin ya cije. Kuma baƙin allon nan ba mutuwa ba ce, wurin aiki ne, akwai kayan gyara a ciki. Buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

cat /proc/partitions
lvm pvs
lvm vgs
lvm lvs -o +devices

Ka lura a nan sai ka sa lvm a gaba, pvs shi kaɗai ba zai yi ba. Na farkon zai jero diskokin da kanel ke gani. Ya kamata ka ga sda da ’ya’yansa sda1, sda2, sda3, sannan ka ga sdb. In babu na biyun, kuma lvm pvs ya yi ƙorafin Couldn't find device with uuid ya nuna layi ɗaya da unknown a wurin suna, toh mun kama ɓarawon, kuma ni a nan na fi zato matsalarka take. Gwada

lvm vgchange -ay

in ya ce Refusing activation of partial LV ya tabbata kenan.

Yanzu sai ka ajiye kibod ka ɗauko sukundireba. Kashe ta, zare wayar wuta daga soket, buɗe murfin. Diskin da ka ciro daga tsohuwar kwamfuta na san yadda ake yi, sau da yawa ba a ɗaure shi da noti, a kwance ake barinsa a ƙasan akwatin da kebul ɗin da aka samu a durowa. Ka duba kebul biyu, siririn na SATA da faffaɗan na wuta, cire su ka hure ƙura ka mayar har ka ji sun zauna, in akwai wani kebul ɗin ka canza, ka canza ramin da yake shiga a jikin bod ɗin ma. Na taɓa kwana biyu ina fama da wata saba a wani ofis, na karanta log har idona ya yi ja, ashe ɗan maƙalin ƙarfen da ke bakin kebul ɗin ne ya karye, kebul ɗin ya zame kamar faɗin farce, da ido ba za ka ce ya fita ba sai da na taɓa shi na ji yana rawa. Bayan ka mayar, kunna ka sa yatsa a bayan diskin, mai lafiya za ka ji ɗan kaɗawa mai laushi yana juyawa. In shiru ne wuta ba ta kai masa ko bod ɗinsa ya ƙone. In kuma kana jin ƙas ƙas ƙas yana maimaitawa, kashe nan take, kar ka yi ta kunnawa da kashewa, kowane kunnawa ƙara masa ciwo yake.

Ka leƙa BIOS kuma. In ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ɗan batirin nan mai kama da kwabo CR2032 ya mutu, kuma in ya mutu ɗauke wuta na mayar da saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, wani lokacin yanayin SATA ya tashi daga AHCI ya koma RAID, ko a kashe wani ramin gaba ɗaya. Mayar da shi AHCI, tabbatar BIOS na ganin diski biyu.

In diskin ya dawo, galibi tashi kawai za ta yi kamar ba a yi komai ba. In ta sake tsayawa amma yanzu lvm pvs na nuna su biyun, buga lvm vgchange -ay sannan exit. Idan har yanzu yana cewa akwai wanda ya ɓata alhali ga shi kana gani, LVM ya riga ya yi masa alamar ɓatacce ne a takardunsa, sai ka ce

lvm vgextend --restoremissing ubuntu-vg /dev/sdb

amma ka sa ainihin sunan da pvs ya nuna maka, don sunayen sda da sdb suna iya musanya wuri, shi LVM da UUID, wato lambar shaida ta kowane diski, yake gane diski ba da suna ba. Kuma tunda wuta aka ɗauke tana tsakiyar rubutu, ƙila ka ga wani saƙon daban mai cewa RUN fsck MANUALLY. To a nan ne kaɗai fsck ya halatta, bayan diskokin sun cika kuma LV ya buɗe:

fsck -f /dev/mapper/ubuntu--vg-ubuntu--lv

Jan layi bibbiyun nan ba kuskure ba ne, haka ake rubuta sunan da ke da jan layi a cikinsa a /dev/mapper.

Akwai kuma yanayin da kullum sai ta tsaya, kai kuma kana buga vgchange -ay da exit sai ta wuce lafiya. Wannan tsohon diskin ne ke nawar farkawa, initramfs ya gaji da jira kafin ya iso. Ka buɗe /etc/default/grub ka ƙara rootdelay=90 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX, ka yi sudo update-grub da sudo update-initramfs -u -k all. Amma diskin da ya fara nawa ni ban yarda da shi ba, ka duba lafiyarsa da smartctl -a.

In kuwa ka buga lvm ya ce not found, labarin ya canza, initramfs ɗin ne aka gina babu LVM a ciki, ko an cire lvm2 garin share-share ko /boot ya cika lokacin ofdet aka rubuta fayil ɗin rabi. Fara gwada tsohon kanel, danna Esc ko riƙe Shift lokacin tashi, shiga Advanced options ka zaɓi na ƙasa. In bai yi ba sai filashi mai Ubuntu, zaɓi Try Ubuntu, ka yi vgchange -ay, ka hau ubuntu-lv a /mnt, sda2 a /mnt/boot, sda1 a /mnt/boot/efi in UEFI ce, ka ɗaura /dev da /proc da /sys da /run da mount --bind, ka shiga da chroot /mnt, sannan apt install --reinstall lvm2, update-initramfs -u -k all, update-grub. Ban zaci taka kenan ba shi ya sa ban tsaya a kai ba.

Toh saura mai ɗacin, in diskin na biyu ya mutu da gaske. A intanet za ka ci karo da masu cewa ka buga vgreduce --removemissing --force. Wallahi Malam kar ka yi. Umarnin nan yana gyara VG ne ta hanyar goge duk LV ɗin da ke da ƙafa a kan ɓataccen diskin, naka kuwa LV ɗaya ne tal kuma shi ne komai naka. Abin da za ka yi, ka tashi da filashi ka ce

sudo vgchange -ay --activationmode partial ubuntu-vg
sudo mount -o ro,noload /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv /mnt

wato a buɗe shi da giɓinsa, don karatu kawai banda rubutu. Nan ne nake da kyakkyawan zato a kanka, saboda duk abin da ka ajiye kafin sati ukun nan a 100GB na farko aka rubuta shi, a diskin da ke da rai, sakamakon zangon baya in sha Allahu yana nan. Abin da aka rubuta daga baya ne ba tabbas, ext4, tsarin ajiye fayilolin Ubuntu, na warwatsa sababbin folda ko'ina a faɗin filin, wasu za su buɗu wasu su ce Input/output error. Jona diskin waje ka kwashe, ka fara da abin da ya fi muhimmanci, in MySQL ne manhajar ke amfani da shi yana /var/lib/mysql, ka kwashi foldar ɗungurungum, sai /var/www da /home da /etc. Idan kuma diskin yana ɗan gani yana ɓacewa, kar ka tsaya kwafin fayil ɗaya ɗaya, ka samo wani diskin da bai gaza shi girma ba ka kwafe shi sukutum da ddrescue, a Ubuntu sunan fakitin gddrescue, in ya gama ka cire tsohon kafin ka kunna LVM, don su biyun UUID ɗinsu ɗaya ne yanzu kuma LVM ba ya son ganin tagwaye.

Ranar da ta tashi, kafin ka sanar da shugaban makaranta ma, ka kwafe sakamakon nan zuwa wani wuri da ba cikin akwatin ba. Ka haɗa da foldar /etc/lvm/backup da /etc/lvm/archive, nan LVM ke ajiye taswirar filin da vgcfgrestore ke amfani da ita in takardun kan diski sun lalace, kuma kaga a cikin tushen da ya ƙi buɗuwa suke zaune, ranar buƙata ba ka isa gare su. Sannan ka san cewa yadda ka jera diskokin nan ba kariya ba ce, ko wanne ya faɗi ya jefa duka cikin haɗari, ga shi ɗayan tsoho ne da ba ka san shekarunsa ba. Shawarata makaranta ta sayi sabon diski da bai gaza 1TB ba, ka shigar da shi da vgextend, ka kwashe kayan tsohon zuwa kansa da pvmove, yana yi ko saba na aiki, sannan vgreduce na lafiya ba mai force ba ya fitar da tsohon. Su ƙara da UPS ko ƙarami ne, wanda zai riƙe ta minti goma a kashe ta da hannu.

Yanzu dai ka je ka buga cat /proc/partitions da lvm pvs, ka ɗauki hoton allon da waya yadda rubutun zai fito sosai ka turo min, ka kuma gaya min abin da yatsanka ya ji a bayan diskin. Allah ya sa kebul ne.